Ƙwan da Ya Fito Ba Ɓawo

Ban gaji ko kaza ɗaya ba. Abin da ubana ya bar mini fartanya ce da gatari, sai wuya mai ƙarfi da na yi shekaru ina dakon kanwa da gishiri da shi daga kasuwa zuwa kasuwa. Sana'ar ƙwai kuwa da idona na gano ta, a shekarun da Turawa suka fara zama a Zuru.

A wancan zamani mutanenmu ba sa cin ƙwan kaza. Na zabo ake ci da damina. Na kaza ana barin uwarsa ta kwanta a kai, don ana ganin ɓarna ce a haɗiye abin da zai zama kaza. Baturen da ke bariki kuwa ba ya karya kumallo sai da ƙwai, kuma na kaza yake so. Kullum kukunsa na yawo gida-gida yana nema yana zage-zage. Na dube shi rana ɗaya, na dube shi rana biyu, a ta uku na ajiye kayan kanwa na ce masa ya huta, ni zan riƙa kawowa.

Kukun nan dogo ne mai farin wando, wanda ya biyo maigidansa daga wani gari mai nisa. Yana da hanyarsa ta gwaji. Sai ya cika tasa da ruwa, ya riƙa sa ƙwai ɗaya-ɗaya. Wanda ya nutse ya kwanta, sabo ne. Wanda ya taso, ya miƙo maka abinka ba tare da ya dubi fuskarka ba. Nawa ba ya tasowa. Da haka na yi suna.

Ga yadda nake yi. Ban tara kaji a gidana ba. Nakan sayi budurwar kaza in ba mace kiwo a wata unguwa da ke gefen Manga: ƙwan da aka tsince nawa ne, wanda aka bar wa kaza ta ƙyanƙyashe kuwa mu raba 'yan tsakin. Duk bayan kwana uku in zaga da kwandona mai ƙaiƙayi in kwashe. Gidaje bakwai nake da su a can, biyu kuma a Rikoto.

A cikin matan nan babu kamar wata tsohuwa da nake ce wa Inna. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kabarinsa na bayan gidanta da tukwane a kai kamar yadda mutanen wurin suke yi. Ɗanta guda an ɗebe shi dakon kayan Turawa, bai dawo ba, ba a kuma ji labarinsa ba. Ita kaɗai take zaune a gidan ƙarshe, wajen gindin dutse. Hausarta ba ta da yawa, amma ta ishe mu. "Ɗana" take ce mini. Ta san kowace kaza da halinta, ta san wadda ke ɓoye ƙwai a ƙarƙashin rumbu da wadda ke cin na 'yar'uwarta. Ƙwan gidanta in ka ƙwanƙwasa shi da farce sai ka ji ƙara kamar sabuwar tukunya.

Ana cikin girbin dawa, ran nan na kai ƙwai bariki, kuku ya jawo ni bayan kicin.

"Abokina, zo ka ga abin da ba ka taɓa gani ba."

Zakara ne. Ja, ƙato, ƙirjinsa kamar na dinya, ƙafafunsa rawaya. An kawo wa Bature shi da wasu kaji daga nesa a cikin akwatin katako. Kuku ya ce maigida ya gaji da cararsa, ya ce a fitar da shi.

"Ka ɗauka. In ya taka kajinku na ƙauye, 'ya'yansa za su yi ƙwai biyun naku."

Na lura yana atishawa, da ɗan ruwa a hancinsa. Na tambaya.

"Murar hanya ce," in ji shi. "Kai ma in aka sa ka a akwati aka ɗora ka a kan mutum kwana goma, sai ka yi abin da ya fi atishawa."

Na yi dariya na rungumi zakara. Ni da nake taƙama ba a cuce ni a ciniki, ni da ke buɗe bakin jaki in ƙirga haƙoransa, na karɓi kyauta daga hannun mutumin da bai taɓa ba ni ko ruwan sha ba, ban tambayi kaina dalili ba.

Na tsara masa zagaye: kwana uku a kowane gida. Na fara da gidan Inna don girmamawa, tunda ita ce gwanar kiwo. Ta juya shi, ta hura gashin wuyansa, ta ce, "Ɗana, wanga baƙo ba shi da lafiya." Na ce mata murar hanya ce. Kalmar kuku na maimaita mata, harafi da harafi. Daga gidanta na kai shi na biyu, na uku, har na shida. Na bakwai yana hayin rafi, ranar kuwa ina sauri, sai na tsallake shi na wuce da zakara Rikoto.

Kafin zagayen ya ƙare kajin Inna sun fara. Sai ka ga kaza ta tsaya ta saki fukafukai, ta buɗe baki tana jan numfashi da ƙara. Idanu su yi ruwa, kashi ya yi tsanwa. Wasu suka mutu cikin kwana biyu. Ɗaya ta karkace wuya tana tafiya da baya har ta faɗi. Amma fiye da rabi suka tashi, suka koma tonon ƙasa kamar ba abin da ya same su. Na ce alhamdu lillahi, iska ce ta wuce.

Ashe ba ta wuce ba. Da farko ƙwai ya ɗauke ƙaf. Da ya dawo kuwa, na sa hannu a akurkin Inna na ɗauko wani abu da har yau ban manta da shi ba. Ƙwai ne, amma ba ɓawo. Fata ce kawai, mai ɗumi, tana lotsawa a tsakanin yatsuna, ana hango gwaiduwa tana yawo a ciki. Na kusa da shi yana da ɓawo, amma a yamutse kamar fuskar tsoho. Wani fari fat, alhali kazar da ta yi shi mai jan ƙwai ce, kuma da na taɓa shi sai yatsana ya shige. Wani kuma kaushi gare shi kamar an barbaɗa masa yashi. Na fasa ɗaya a ƙoƙo. Farin nan da ya kamata ya tsaya kewaye da gwaiduwa sai ya malale kamar ruwan rijiya.

Na ce abinci ne ya gaza. Na san kaza na buƙatar abu mai tauri kafin ta yi ɓawo, don na sha ganin suna tsattsagar tsohon bango. Na sa aka daka katantanwa, aka ƙona ƙashi aka niƙa, aka gauraya da dusa. Inna ta jiƙa sassaƙen maɗaci da barkono a ruwan shansu. Suka ci, suka sha, suka yi ƙiba. Ƙwai bai canza ba. Daga nan gida na biyu ya soma, sai na uku, kowanne da irin wannan mura, bayanta irin wannan ƙwai.

Da a kan kwandona abin ya tsaya, da ban rubuta wannan ba. Sai aka aiko cewa Bature zai fito rangadi, kowace unguwa ta tanadi itace da ruwa da kaji da ƙwai. Masinja ya zo karɓa, aka kawo masa abin da ke akwai. Ya ɗaga ƙwai ɗaya, ya fashe masa a hannu, ya zubo masa a riga. A gaban mata da yara ya kama dattijon unguwar da zagi, ya ce raini ne, ya ture masa hula ƙasa da sandarsa. Ya tafi ya bar mutane da wutar da ba su da ikon mayar masa.

Mutumin da aka wulaƙanta, in bai iya rama wa wanda ya yi masa ba, sai ya waiwaya ya nemi wanda ya fi shi rauni. Ba a kwana biyu ba magana ta fito. A gidan wa abin ya fara? Gidan tsohuwa. Wa ke zaune ita kaɗai a gindin dutse, tana magana da kaji kamar mutane? Mijinta ina yake, ɗanta ina yake? Suka ce mayya ce, tana lashe ɓawon ƙwai tun yana cikin kaza, kuma wadda ta iya shiga cikin kaza za ta iya shiga cikin mace. A unguwar akwai masu ciki biyu. Aka daina gaishe ta. Aka daina ɗiban ruwa in tana bakin rafi. Dattawa suka ce in an gama shigar da dawa rumbu za a zauna a kanta, kuma kowa ya san ƙarshen irin wannan zama: a raka mutum bayan gari da ƙullin kayansa. Tsohuwa mai wannan shekaru, ba ɗa, ba dangi, a raba ta da kabarin mijinta, ina za ta?

Ni ban yarda da zancen ba, amma ban san abin da zan sa a madadinsa ba, sai ranar da na je Rikoto kwasar ƙwai. Matar gidan ta fito da ƙwarya tana riƙe da ita nesa da jikinta. Fata ba ɓawo, guda uku. Inna ba ta taɓa taka Rikoto ba, ba ta ma san matar ba. Zakaran kuwa ga shi can a kan danga yana cara, ya warke sarai, ya yi ƙyalli.

Daga nan ban tsaya ba sai gidan hayin rafi, wanda na tsallake. Matar gidan ƙawar Inna ce, shekara da shekaru suna cin tuwo a akushi ɗaya. In maita ce, ai nan za ta fara. Na ƙwanƙwasa ƙwanta da farce. Garau.

Na haye na shiga gidan Inna, na ce ta kamo mini ɗaya daga cikin waɗanda suka warke. Na yanka, na buɗe cikin a hankali. Na sha fiɗar kaji, na san hanyar da ƙwai ke bi: doguwa ce mai kauri, a ƙarshenta da wata 'yar jaka inda ƙwai ke tsayawa ya yi ɓawo kafin ya fito. Ta wannan kazar ta motse, ta yi laushi, jakar ta koɗe, da wani ruwa-ruwa a ciki. Ga gwaiduwa nan jere a sama, manya da ƙanana, lafiya lau. Kazar ba ta rasa abin yin ƙwai ba, wurin yi masa sutura ne ya lalace. Shi ya sa duk katantanwar duniya ba ta yi amfani ba.

Na tsuguna da wuƙa a hannu ina lissafa gidaje da yatsu, ina motsa baki. Na farko, na biyu, na uku, yadda zakara ya bi haka cuta ta bi. Da na ɗago, Inna tana tsaye tana kallon yatsuna. Na wanke hannu na fita.

Bariki na nufa. Na sami kuku yana yankan albasa.

"Ina sauran kajin da aka kawo tare da zakaran nan?"

"Sun tafi."

"Ina suka tafi?"

Ya nuna bayan kicin da wuƙa. "Rami. Maigida ya ce a ƙone su duka a binne, har da shi."

"Har da shi. Kai kuma ka ba ni."

"To, na ga ƙato ne, na ce asara ce. Kai ba godiya ka yi ba? Har rawa ka kusa yi."

"Ka san yana ɗauke da ciwo ka ce mini murar hanya!"

"Kai, mai ƙwai, rage murya, maigida na ciki. Kaji ne fa. Kaji! Wa ya mutu?"

Na ce masa za a kori tsohuwa daga gidanta a kan abin da ya yi. Na ce ya zo ya faɗa da bakinsa a gaban dattawa. Ya yi dariya har ya ajiye wuƙar.

"In je ƙauye in tsuguna gaban masu fatar akuya in ce na yi laifi? In maigida ya ji ban ƙone zakaran nan ba, aikina ya tafi. Kai ma in kana da hankali ka rufe bakinka. Suka ji kai ka zaga da shi, ko gashin kaza ba za ka ƙara samu a can ba. Tsohuwa ce, kwana nawa ya rage mata?"

Na ɗaga tasar gwajinsa da ruwan da ke ciki na kife masa a kan farin wandon. Abin da na iya ke nan, kuma ban ji sanyi ba ko kaɗan, don na san maganarsa ta ƙarshe ta shige ni.

Ta shige ni, gaskiya ce. Kwana huɗu na yi ban koma Manga ba. Na ce wa kaina ina neman dabarar da za ta fid da ita ba tare da ta tona ni ba. Na ce ai dawa ba ta gama shiga rumbu ba, akwai lokaci. Ƙarya nake yi. Gidaje bakwai nake aunawa da tsohuwa ɗaya, ina duba wanne ya fi nauyi. Har yau in na tuna kuku raina yakan ɓaci, amma ɓacin ran da ke hana ni cin abinci na kwana huɗun nan ne.

A rana ta biyar da hantsi ƙawarta ta hayin rafi ta same ni a kasuwa, ta ce samari ba su jira zaman dattawa ba. Sun rushe akurkin, sun murɗe wuyan kajin duka sun ƙone, sun fasa mata tukunyar ruwa. Yau da la'asar za a zauna.

Na biya Rikoto na ɗauki zakaran, na sa ƙwai marar ɓawo a ƙwarya. Na biya hayin rafi na karɓi masu kyau. Na iske su a gindin ɗorawa, maza a zaune, mata a tsaye daga baya, Inna a tsakiya a kan ƙasa da ƙullinta a gefe. Ta riga ta ɗaure kayanta.

Na gai da dattijon, na ce, "Baba, ina da magana kafin ku yanke."

"Kai baƙo ne. Mi ya kawo ka cikin wagga magana?"

"Ni na kawo ta, Baba, a hammatata."

Na ajiye ƙwarya biyu. Na ce wannan daga Rikoto yake, inda tsohuwa ba ta taɓa zuwa ba. Wannan kuma daga gidan ƙawarta, inda take wuni. Na kira matan ɗaya-ɗaya, na ce kowacce ta faɗi ranar da zakara ya kwana gidanta da ranar da kajinta suka fara mura. Suka faɗa, suna faɗa suna duban juna. Na faɗi inda na samo shi, da abin da Bature ya ce a yi da shi, da abin da Inna ta gaya mini ranar farko na ƙi ji. Wani saurayi daga cikin masu rushe akurki ya ce to me ya hana zakaran mutuwa in shi ne mai ciwon? Na ce masa, "Kai da ka yi ƙyanda ka tashi, ƙanenka da ya ɗauka a wurinka yana ina?" Ya sunkuyar da kai, don kowa a wurin ya san amsar.

Sai wutar ta juyo kaina, yadda na san za ta juyo. Matar gida na uku ta watsa mini ƙwan Rikoto a ƙirji. Aka kira ni ɗan koren Nasara, aka kira ni abin da ba zan rubuta ba. Na tsaya na sha, don nawa ne. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, cikin duk masu ihun nan babu wanda ya juya ya ce wa tsohuwa ta yi haƙuri. Ko ɗaya. Dattijo ya ce a yanka zakara a ƙone, ni kuma kada a sake ganin kwandona a unguwar. Game da ita, abin da ya ce kawai shi ne, "Ki koma gida." Kamar hira ta fito.

Shekaru da yawa bayan haka, da aka fara samun malaman dabbobi, na ba ɗaya daga cikinsu wannan labari. Ya ce ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani, irin dangin masu kawo wa mutane mura da ƙyanda. Tana bin numfashi da kashi da kwandon da aka ɗauki kaza a ciki. Takan fara da maƙogwaro, ta gangara ta lalata jakar nan da ke yi wa ƙwai ɓawo, shi ya sa kaza kan warke a ido amma ƙwanta ya daɗe bai gyaru ba, wata ma har abada. Ya ce baƙuwar kaza ware ta ake yi kwanaki kafin a haɗa ta da na gida. Na ce masa wata tsohuwa ta gaya mini haka tun kafin a haife shi, da kalma shida.

Cinikina ya koma wajen Sakaba, na sake ginawa daga tushe, ban kuma ƙara kai ƙwai bariki ba. Da damina ta faɗi, na sayi budurwar kaza biyu daga garin da cutar ba ta je ba, na tsare su a gidana har na tabbata, na bi ta bayan dutse na kai wa Inna. Na same ta tana cire ciyawa a kabarin mijinta. Ta dubi kajin, ta dube ni.

"Mai ƙwai," ta ce. Ba ta ce ɗana ba. "Ranar da ka yanka kaza a nan, na ga yatsunka. Ka sani."

Na ce na sani.

Ta ɗaga yatsu huɗu, adadin kwanakin da na yi ban koma ba, ta riƙe su a gabana har sai da na kau da ido.

"Koma da kajinka."

Na koma da su. Ta zauna a gidanta shekara shida bayan haka, ba kaza ko ɗaya a tsakar gidan. Da ta rasu, a nan bayan gida aka sa ta, kusa da shi.